An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ba Bairos Ke Kashe Kwamfutarka Ba

Duk shekara idan zangon ƙarshe ya kama, 'yan ajin ƙarshe suka duƙufa a kan furojet, akwai wata cuta da ke ɓullowa a hostal da shagunan buga takardu na bakin get. Kwamfuta tana aiki lafiya lau muddin rubutu ake yi a Word ko ana kallon fim. Da zarar ɗan sashen zanen gine-gine ya sa ta rendarin a Lumion, ko ɗan Mekanikal ya buɗe babban zane a SolidWorks, ko masu huce gajiya sun kunna gem ɗin ƙwallo, sai ta yi minti biyu ko biyar ta ɗauke ɗif, kamar an zare filogi daga bango. Babu shuɗin allo, babu saƙon gargaɗi. Wani lokaci ta tashi da kanta, wani lokaci kuma sai an kashe soket an ɗan jira kafin ta yarda ta kunnu.

Maganin da aka saba bayarwa kowa ya haddace shi: "Bairos ne, a yi mata fomatin." A biya kuɗi, a goge komai, a sake ɗora Windows, a kwana ana mayar da manhajoji. Washegari a danna rendarin, ta sake ɗaukewa. Sai a ce to ai ram ne, a canja. Daga nan a koma kan had-disk. Kafin a ankara kuɗin abincin wata ya tafi, ranar difens tana matsowa, matsalar tana nan inda take.

Ni ɗalibin ajin ƙarshe ne a sashen injiniyan kwamfuta, kuma a wata huɗun da na yi ina SIWES a wani shagon gyara na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ra'ayina shi ne, kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya idan an ɗora mata aiki mai nauyi, wuta ko zafi ya kamata a fara tuhuma, kuma ana iya gane wanne ne a cikin awa ɗaya ba tare da an goge ko fayil guda ba. Abin kunya ne a ce a cikin foli, inda aka tara mu don mu koyi aunawa, ana gyaran na'ura da canki-canka.

Me ya sa sai an ɗora mata nauyi?

A bayan akwatin kwamfutar tebur, inda wayar wuta ke shiga, akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka. Masu gyara suna ce masa fawa-fak. Aikinsa shi ne ya karɓi wutar bango, wadda a Najeriya folt 230 ce, ya mayar da ita ƙananan layuka da kayan ciki ke iya ɗauka: folt 12, folt 5 da folt 3.3. Tsarin da ake bi sunansa ATX, kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, kuma har launin wayoyi an san su: rawaya folt 12, ja folt 5, ruwan lemo folt 3.3, baƙa kuma ita ce ta komawa.

Kwamfuta ba ta shan wuta daidai wa daida a kowane lokaci. Idan rubutu kake yi, 'yan wat goma-goma ne kawai take ja. Idan rendarin ya fara, firosesa da katin hoto duk suna miƙewa lokaci guda, shan wutar ya ninka sau huɗu ko biyar, kuma kusan dukkan nauyin a kan layin folt 12 yake sauka. Fawa-fak ɗin kirki yana da masu gadi a cikinsa: idan an ja wuta fiye da ƙarfinsa, ko layi ya faɗi ƙasa da yadda ya kamata, ko cikinsa ya yi zafi da yawa, sai ya kashe kansa don kada ya ƙone ya tafi da madabod. Wato mutuwar da kake gani sau da yawa kariya ce. Shi ya sa wani lokaci maɓallin gaba ba ya tayar da ita sai ka kashe wuta daga bango: mai gadin ya kulle ƙofa, sai an yanke wutar gaba ɗaya yake sakewa. Idan taka haka take yi, to ka riga ka sami shaida ta farko.

Ka tambayi kanka, wane irin bairos ne zai zauna yana jira sai katin hoto ya fara aiki sannan ya yanke wuta? Matsalar manhaja ko ta ram ta fi zuwa da alamunta: allo ya daskare, manhaja ta rufe kanta, ko shuɗin allo ya fito da lambar kuskure. Wasu suna buɗe Event Viewer su ga Kernel-Power 41 su ce sun kama ɓarawo. Wannan lambar ba ta faɗin komai illa cewa kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko filogi ka zare da hannunka ita za ka gani.

Lambar jikin kwali ba ita ce gaskiya ba

Yawancinmu kwamfutar haɗe-haɗe muke amfani da ita: akwati na hannu, a ƙara ram, a sa katin hoto da aka samu da sauƙi. Abin da ba a waiwaya shi ne fawa-fak, saboda ba ya ƙara gudu kuma ba a yin taƙama da shi. Mutum zai faɗa maka sunan katinsa har da lambobi, ka tambaye shi me ke ba katin wuta ya ce, "Ai 500 ne."

To bari mu yi lissafin da aka koya mana tun ajin farko: wat shi ne folt sau amfiya. Ka leƙa takardar da ke manne a jikin fawa-fak ɗin, ka nemi inda aka rubuta +12V, ka duba amfiya nawa ke ƙarƙashinsa. Akwai masu araha da aka rubuta wa 500 da manyan baƙaƙe, amma layin 12 ɗinsu amfiya 18 ne. 12 sau 18 ya ba ka wat 216. Sauran lambar an cike ta ne da layukan 5 da 3.3 waɗanda kwamfutar zamani ba ta cika damuwa da su ba. Mai kyau na wat 500 kuwa yakan ba da kusan amfiya 40 a wannan layin.

Yanzu ka ɗauki Core i5 irin na tebur mai wat 65, ka haɗa da katin RX 580 mai wat 185. Wat 250 ke nan, kafin a sa madabod da had-disk da fankoki, waɗanda za su kai ka kusa da 300. Ka ɗora wannan a kan wat 216, me kake jira ya faru? Kuma katunan hoto sukan yi wata irin fizgar wuta ta ɗan ƙiftawar ido da ta wuce lambar da aka rubuta musu. Abin ya yi yawa har sabon tsarin ATX 3.0 na 2022 ya yi masa tanadi na musamman.

Haka zancen yake ga ƙananan kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da suka cika kasuwannin kayan hannu. Injuna ne masu ƙarko, amma siraran cikinsu fawa-fak ɗinsu bai cika wuce wat 180 zuwa 260 ba, don aikin ofis aka ƙera su. Ramin da ake soka katin hoto a madabod wat 75 kawai yake bayarwa. Katin da ya fi haka sai da wayarsa ta daban, mai baki 6 ta wat 75 ko mai baki 8 ta wat 150. Idan babu wannan wayar sai ka ga an sayo 'yar adafta an jona daga wayar SATA, wadda a layin 12 ƙarfinta bai wuce wat 54 ba. A nan ne ake jin ƙaurin roba.

Sai kuma yanayinmu. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan iska, a watan Maris da Afrilu kuma zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Kafasitocin da ke cikin fawa-fak rayuwarsu tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Wanda ya yi shekaru yana aiki a wani ofis a Turai kafin ya iso hannunka ba zai ba da abin da ya bayar yana sabo ba, balle a ɗakin hostal da azahar babu fanka.

Yadda za ka bi ta daki-daki

Kafin komai, kwashe furojet ɗinka ka sa a filash da Google Drive. Kowace mutuwar farat ɗaya tana iya lalata fayil ɗin da ke buɗe, kuma gwajin da za ka yi zai sa ta sake mutuwa da gangan.

Na farko, ido da hanci. Zare filogi, buɗe murfin gefe, ka duba ko babbar waya mai baki 24, da ta firosesa, da ta katin hoto sun zauna daram. Nemi baki da ya yi baƙi ko ya narke. Busa ƙura. Ka kunna ka sa hannu a bayan akwatin ka ji ko fankar fawa-fak tana fitar da iska lokacin da ake aiki mai nauyi.

Na biyu, raba zafi da wuta. Ɗora HWiNFO, kyauta ce, ka sa ido a kan zafin firosesa da na katin hoto. Sai ka gwada su ɗai-ɗai: Prime95 yana matsa wa firosesa kaɗai, FurMark yana matsa wa katin hoto kaɗai. Idan firosesa yana tunkarar digiri 95 zuwa 100 kafin ta mutu, to matsalarka fanka ce ko man da ke tsakaninsa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, kuma wannan gyara ne mai araha. Idan kowanne shi kaɗai ya wuce lafiya, zafi bai hau ba, amma da ka haɗa su biyun ta ɗauke, to yatsa ya nuna wuta.

Na uku, rage nauyin ka gani. A MSI Afterburner za ka iya saukar da iyakar wutar katin hoto zuwa kashi 70 cikin ɗari. Idan mutuwar ta tsaya, ka sami shaida ta biyu, kuma ka sami dabarar lallaɓawa: rendarin zai ɗan ƙara daɗewa, amma zai ƙare. Ga wanda difens ɗinsa saura sati ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya cece shi.

Na huɗu, maltimita. Sa ta a DC 20, ka nemi wata waya mai baki huɗu da ba a jona ta da komai ba, baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a rawaya, ka kula kada tsinkayen su taɓa juna. Ka karanta tana zaune, ka sake karantawa ana matsa mata. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ta yarda da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa: layin 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, layin 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Idan ka ga 12.1 ta gangaro 11.2 da nauyi ya hau, magana ta ƙare. Amma fa idan ka ga lamba mai kyau kada ka yi saurin wanke shi, domin mita ba ta da saurin kama faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawa.

Akwai wani gwaji da masu gyara ke so, na haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan ƙarfe a ga ko fanka za ta juya. Wannan yana nuna cewa fawa-fak ɗin yana kunnuwa ne kawai. Ai dama taka tana kunnuwa, ɗaukar kaya ne ya gagare ta. Duk wanda ya yi maka wannan gwajin ya ce lafiyarsa ƙalau bai amsa tambayarka ba.

Na biyar, wanda ya fi duka yanke hukunci: aro wani fawa-fak mai ƙarfi da aka tabbatar da lafiyarsa, a jona, a maimaita aikin da ke kashe ta. Idan ta wuce, an gama. Sai dai a kula da abu biyu. Waɗancan kwamfutocin ofis da yawansu bakin wayarsu na musamman ne, ba kowane fawa-fak ke shiga ba. Masu wayoyin cirewa kuma ba a haɗa wayar wani kamfani da ta wani, ko da bakin ya shiga, don jerin wayoyin ciki ya bambanta, kuma kuskure ɗaya yana ƙona had-disk.

Wani lokaci laifin daga bango yake

Kafin ka yanke wa fawa-fak hukunci, duba abin da ake ba shi. Mun san yadda wuta ke zuwa rabi-rabi da daddare, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi. Masu kyau an rubuta musu 100 zuwa 240 a jiki, suna jurewa. Masu araha da yawa daga wajen 200 suke farawa, da wuta ta yi ƙasa kuma nauyi ya hau sai su saki. Ƙaramin janaretan nan mai shan fetur da baƙin mai a haɗe bai kai wat 1,000 ba, kuma a hostal ba a rasa wanda zai soka hita ko dutsen guga a layi ɗaya da kai.

UPS ma takan zama ita ce mai laifin. Wadda aka rubuta wa 650VA abin da take iya ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, shi ma idan batirinta sabo ne. Idan ya tsufa, da wuta ta ɗan girgiza sai ta yi ƙara ta saki komai. Gwajin mai sauƙi ne: jona kwamfutar kai tsaye a soket mai kyau lokacin da wuta ta cika, ba tare da UPS ko doguwar wayar jone-jone ba. Masu tsohon fawa-fak da ke da ɗan jan maɓalli na 115 da 230 a baya, ku tabbata yana kan 230. Na 115 don wutar Amurka aka yi shi, a nan fashewa zai yi nan take.

'Yan laftof, ku ma abin ya shafe ku. Laftof mai katin hoto da ke neman caja ta wat 120 ko 150, idan aka ba ta ta wat 65 don bakin ya shiga, batiri ne ke cike giɓin. Ran da batirin ya mutu, ita ma haka za ta riƙa ɗaukewa.

Inda ba a tsallakawa

Duk abin da na lissafa a wajen fawa-fak ake yinsa. Kada ka kwance shi. A ciki akwai babbar kafasita da ke riƙe da sama da folt 300, kuma tana iya riƙe ta bayan an zare filogi. Wannan aikin wanda ya ƙware ne, a bisa teburin wakshof, da kayan aiki. Kada kuma ka yarda wani ya "cire maka matsalar" ta hanyar tsallake fis ko kashe kariyar ciki. Mai gadin da ke damunka shi ne ke hana gobara a ɗakin da mutum shida ke kwana.

Na san abin da za a ce

Za a ce, "Malam, kai kana maganar mai kyau, ka san kuɗinsa kuwa?" Na sani, ni ma ɗalibi ne. Amma a lissafa kuɗin fomatin sau biyu, da ram ɗin da aka canja ba dalili, da na motar zuwa kasuwa, a ga ko bai kama hanyar kuɗin fawa-fak mai kyau na hannu ba. Araha ba ta ado, kuma mai arahar idan ya tashi mutuwa ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Idan za ka saya, karanta layin 12, ka bar rarar kamar kashi 30 cikin ɗari a kan lissafinka. Tambarin 80 PLUS alama ce mai kyau, amma ka sani rashin ɓarnar wuta yake aunawa, kuma manna takarda ba wuya gare shi ba. Idan kuɗin bai samu ba yanzu, ka rage wa katin wuta ka lallaɓa, ka san dai abin da kake lallaɓawa.

Za a kuma ce ai wani lokaci da gaske manhaja ce ko ram. Haka ne. Shi ya sa akwai MemTest86 na gwada ram, shi ma ba ya goge komai. Abin da nake cewa shi ne a bi tsari: a fara da gwajin da ba ya cin kuɗi kuma ba ya taɓa fayil, fomatin ya zo a ƙarshe idan har ya zama dole. Ba kuma zagin masu gyara nake yi ba. Na zauna da su, akwai waɗanda ko malamanmu za su ƙaru da su. Amma kwastoma ba ya biyan kuɗin bincike, kuɗin "an yi wani abu" yake biya, fomatin kuma shi ne abin da ido ke gani. Mu ne muka koya musu haka.

Kira ga ƙungiyarmu

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai su zauna da sashen lantarki da na kwamfuta a ware yamma ɗaya a kowane mako, musamman a zangon furojet, a buɗe wakshof a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin da ke riƙe da shi. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: maltimita biyu ko uku, abin busa ƙura, man firosesa, da fawa-fak ɗaya mai ƙarfi da za a ajiye don gwaji kawai. Kuɗinsu bai kai na hayar kujeru da lasifika a bikin makon ɗalibai ba. Ɗalibin kowane sashe ya kawo kwamfutarsa, 'yan ND da HND na sashenmu su auna, su rubuta abin da suka gani a littafi, su faɗa masa abin da zai saya da abin da ba ya buƙata. Shi ya tsira da kuɗinsa da furojet ɗinsa, mu kuma mu taɓa na'ura mai matsala ta gaske kafin mu fita, maimakon zanen da muke kwafa daga allo.

Kafin hakan ta samu, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan taka ta fara ɗaukewa a tsakiyar aiki, ka kwashe fayilolinka a daren nan, ka leƙa takardar jikin fawa-fak ka yi lissafin 12 sau amfiya. Idan kuma ka kai ta gyara aka ce fomatin, ka tambayi mai gyaran cikin ladabi: "Oga, nawa ka gani a rawayar waya da aka matsa mata?" Idan bai auna ba, ka ce ya auna tukuna.